Baje kolin zane a Samaru: abin kallo a bango, abin dubawa a bayan firam

Wanda ke son ganin sabon zane a Arewa, irin wanda wani lokaci fentinsa bai ma gama bushewa ba, da wuya ya sami wurin da ya kai Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. A ɗakin baje kolin sashen da filin sassaƙe-sassaƙen da ke kusa da shi, mutum zai ga aikin ɗalibai da na malamansu, ya yi magana da mai aikin ido da ido, kuma idan aljihu ya yarda ya tafi gida da zane a farashin da ba zai taɓa samu a Legas ko Abuja ba. Hukuncinmu a taƙaice shi ne wurin ya cancanci kuɗin mota. Sai dai baje kolin makaranta yana da halinsa, kuma aikin ɗalibi yana da cututtukan da ba a ganinsu daga gaba. Mai kallo zai more ko da bai san su ba. Mai saye kuwa, idan bai sani ba, damina ɗaya ta isa ta koya masa.

Sunan wurin ba jiya aka yi shi ba. A 1955 aka ɗauko karatun zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, shekara bakwai kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa kira 'Yan Tawayen Zariya, cikinsu har da Uche Okeke wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne malamai Turawa na koyar da su kamar a Landan suke zaune. Abin da suka nema, a gauraya dabarun da aka koyo daga Turai da fasahar da kowa ya tarar a gidansu. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma mutanenta su suka riƙe fasahar zamani ta ƙasar nan shekaru da dama. Okeke ya kai zanen uli na matan Ibo cikin karatun jami'a a Nsukka, Grillo ya shugabanci makarantar zane ta kwalejin Yaba, Nwoko kuma ya karkata ga gine-gine har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na birnin Benis da ke Italiya a 2023. Bayan su an yi zamanin Gani Odutokun, haifaffen Gana, wanda ya koyar a sashen har ya rasu a haɗarin mota a 1995. Shi ne ya shahara da tsarma fentin mai ya bar shi ya kwarara a kan kyalle, kuma har yau ana ganin jikokin wannan salo a bangon Samaru. Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe da Mu'azu Sani duk sunaye ne da mai bin wurin zai ci karo da su.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai kallo don dalili ɗaya: yana bayyana abin da ya sa launi ke da ƙarfi a aikin 'yan Zariya. Ɗalibin da ya fito daga nan yawanci ya san yadda ake ajiye ja kusa da kore ba tare da sun yi faɗa ba, ya san zana jikin mutum da doki, ya kuma san cika babban kyalle. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Baje kolin makaranta iri-iri ne, kuma ya kamata mutum ya san wanda zai je. Na 'yan ajin ƙarshe shi ne mafi cika da hayaniya, domin kowane ɗalibi zai fito da aikin da za a ba shi maki a kai, malamin jarrabawa daga wata jami'a ya zo ya duba. Na masu digiri na biyu da na uku ya fi natsuwa: mutum ɗaya, tambaya ɗaya, ayyuka masu yawa da ke bin juna, ga kuma rubutaccen bincike a bayansu. Na malamai da tsofaffin ɗalibai shi ne mafi inganci ta fuskar kayan aiki. Ga mai neman saye da rahusa na farko ya fi, ga mai son ya fahimci inda fasahar ta dosa na biyu ya fi. Kada a dogara da watan da aka yi bara. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da kuma na 2022 da ya ci wata takwas sun birkita zangon karatu a jami'o'in tarayya, don haka a tuntuɓi ofishin sashen kafin a hau mota. Daga Kwangila a Zariya motar Samaru za a shiga, a sauka a babbar ƙofa, a tambayi Tsangayar Tsara Muhalli. Tukwane da rini da zanen ɗab'i, wato wanda ake buga kwafinsa da yawa, suna hannun Sashen Ƙirar Masana'antu, maƙwabcinsa, kuma asara ce a zo har nan ba a leƙa shi ba.

Ranar buɗewa ranar jawabi ce da hotuna da gaishe-gaishe. Mai son ya ga aiki ya dawo washegari da hantsi, lokacin da ɗakin ya yi sarari kuma ɗalibin na zaune kusa da aikinsa yana jiran wanda zai tambaye shi wani abu.

Abin da ke bangon ya kasu. Akwai jigogin da suka zama kamar farilla: hawan sallah da dawakai a guje, 'yar Fulani da ƙwaryar nono, makaɗa da kalangu, kasuwa, Dagin Arewa, da zanen bangon tsofaffin gidajen birnin Zazzau. Babu laifi a cikinsu, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacinsa ba zai rasa abin ba wa mai zane ba. Matsalar ita ce yawancin dawakan daga hoton waya aka kwafo su, kuma ana ganewa. Duk ƙafafu huɗu sun daskare yadda kyamara ta kama su, inuwa ta zama baƙi ƙirin ba launi a cikinta, mahayin ba ya da nauyi a kan sirdi. Wanda ya je filin hawa da littafin zane ya yi awa uku cikin ƙura, dokinsa daban yake fita, ko da layinsa bai kai na mai kwafe tsabta ba. Ayyukan da suka fi tsaya wa mutum a rai galibi na masu haɗa kaya ne: buhun taki da aka ɗinke aka yi zane a kai, ledar ruwa da aka narka, gwangwani da aka buga ya baje, ƙasa ja da toka da aka kwaɓa da gam, tsummokaran tela. A nan ake ganin ɗalibi na tunani a kan shara, da gudun hijira, da tsadar rayuwa, ba tare da ya rubuta taken a goshin aikin ba. A nan kuma ake samun aikin da ya fi saurin lalacewa, za mu zo kan wannan.

Mutane da yawa a wajenmu ba sa rataya hoton mai rai a gida saboda addini, kuma wannan bai hana su samun abin ɗauka ba. Akwai zane na launi da siffofi zalla, akwai rubutun Larabci da ajami da aka mayar ado, akwai gine-gine da shimfiɗar ƙasa. Ɗaliban sun san da wannan kasuwa, ba kuma sa jin nauyin a tambaye su.

Inda baje kolin ɗalibai ke yawan faɗuwa, a ko'ina yake, shi ne rataya. Ƙa'idar da gidajen baje koli ke bi mai sauƙi ce: tsakiyar zane ta kasance tsakanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye, a ja layi ɗaya duk ɗakin ya bi shi. Lissafin ƙusa kuma haka yake: a raba tsayin zanen biyu, a ƙara a kan 150, a cire tazarar da ke tsakanin saman firam da wayar rataya idan an ja ta. Zane mai tsayin santimita 100 wanda wayarsa ke santimita 10 ƙasa da sama, ƙusarsa a 190 za ta zauna. Amma idan ɗalibai talatin suka raba bango ɗaya, kowa na son aikinsa duka ya fito saboda maki, sai a jera zane bisa zane har kusa da silin, tazarar da ya kamata ta kai santimita 30 zuwa 60 ta koma faɗin tafin hannu. Ido ya gaji kafin ya kai rabin ɗaki, ƙaramin aiki mai kyau ya nutse kusa da babba mai ihu. Maganin mai kallo shi ne ya zaga sau biyu. Zagayen farko da sauri, ya ƙirga biyar ko shida da suka kira shi. Na biyu ya tsaya gaban kowanne, daga nesa kamar ninki biyu na faɗin aikin, sannan ya matso har ya ga sawun buroshi.

Haske ma haka. Fitilar zane ana karkata ta kamar digiri 30 daga tsaye. Idan ta fi haka miƙewa, firam zai jefa inuwa a kan aikin, idan ta kwanta da yawa kuma ƙyalli zai dawo idon mai kallo. Ƙwan LED mai ɗumin haske wajen kelbin 3000 zuwa 4000, wato ma'aunin launin haske da ake rubutawa a kwalin ƙwan, shi ya fi nuna launi yadda yake. Dogon ƙwai mai farin haske irin na aji yana kashe ja da ruwan ɗorawa, ya mayar da fatar mutum kamar toka. Aikin takarda bai son haske ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, fentin mai yana ɗaukar 150 zuwa 200, alhali rana da ta faɗo ta taga kai tsaye tana kai dubbai. Zanen ruwa da aka rataya inda rana ke dukansa kullum, cikin 'yan watanni launinsa zai fara kwashewa, kuma abin da ya kwashe ba ya dawowa. Saboda wutar lantarki ba ta da tabbas, wanda ke shirin saye ya roƙi a fito masa da aikin baranda, cikin inuwa, ya ga launinsa na gaskiya.

Takardar bayani ita ce abin da ake mantawa sai daren buɗewa. Cikakkiya tana ɗauke da sunan mai aiki, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, da girmansa, tsayi kafin faɗi. Idan aka rubuta "kaya daban-daban" kawai, a tambaya wane da wane, domin amsar ce za ta nuna ko aikin zai yi shekara ashirin ko biyu. Inda aka buga ɗan littafin baje koli a saye shi ko da hotunansa sun yi duhu. Bayan shekaru, shi ne shaidar cewa aikin ya fito a wuri kaza a shekara kaza, kuma irin wannan shaida tana ƙara wa zane daraja.

Babban abokin gabar zane a Zariya yanayi ne. Gidajen adana kayan tarihi suna ƙoƙarin riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A nan kuwa da hunturu yana sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura 70. Katako da kyalle da fenti kowanne da yadda yake sha yake kumbura, yake bushewa yake tsukewa, kuma ba tare suke tafiya ba. Shi ya sa kyallen da ke ɗaure kamar ganga a wani wata zai saki a wani, katakon da bai bushe ba ya murɗe har kusurwa ɗaya ta ɗaga daga bango, fenti mai kauri ya tsage. Ƙurar hunturu tana manne wa akrilik, wato fentin roba da ake tsarmawa da ruwa, fiye da fentin mai, saboda akrilik yana yin laushi idan ɗaki ya yi zafi. Damina kuma ta zo da fumfuna a bayan duk abin da aka jingina da bango mai sanyi. Aikin da aka yi da kayan kirki yana jure wannan juyi shekara da shekaru. Wanda aka yi da dabarar tsimi ba ya jurewa, kuma ɗalibi, da kuɗin makaranta da na abinci a wuyansa, dole ya yi tsimi.

Don haka mai saye ya nemi izini ya juya zanen. Ya fara da katakon. Gefensa na ciki ya kamata a fere shi ya ɗan kwanta, yadda kyalle zai taɓa bakin waje kawai. Idan katakon a baje yake, kafin shekara biyu layinsa zai fito a fuskar zanen kewaye, kamar an ja da rula. Duk gefen da ya wuce mita ɗaya yana bukatar sanda a tsakiya, in ba haka ba jan kyalle zai lanƙwasa shi. A ajiye aikin a ƙasa mai lebur a ga ko kusurwa huɗu sun zauna. A duba ƙananan huji da garin katako, alamar ƙwaro ke nan, kuma zai bi mutum har gida ya shiga kujerunsa. Sai kyallen. Kanbas na gaske yana da kauri da saƙa mai ƙarfi. Ɗalibai da yawa akoko suke amfani da shi, wanda ba laifi ga ƙaramin aiki idan an shafe shi da kyau, amma a babban firam yana saki. A ɗaga shi wajen haske: idan ana ganin ɗigo-ɗigon rana ta cikinsa, shafen farko bai isa ba. Idan kuma bayan kyallen ya yi tabo ruwan ƙasa kamar takardar ƙosai, mai ne ya ratsa. Wannan shi ne mafi muni, domin man fenti yana cin zaren auduga sannu a hankali har ya riƙa yagewa da taɓawa. Shafen farko na gaskiya jeso ne, wato farin shafen da ake sayarwa don shirya kyalle, hawa biyu ko uku, a bar kowanne ya bushe. Abin da aka saba yi don sauƙi shi ne a gauraya fentin bango na ruwa da farin gam na kafinta. Idan gam ya isa yana riƙewa ba laifi. Idan ya yi kaɗan shafen zai zama gari, a goga yatsa a gefe a ga fari ya biyo, fentin da ke samansa kuwa ba abin da ya kama. Fil ɗin da aka harba a baya su kasance a jere, tazarar santimita 5 zuwa 8, kuma ba masu tsatsa ba, don tsatsa tana cin kyallen da ke kewaye da ita.

A fuskar zanen abu uku ake nema. Na farko tsaga. Fentin mai yana da doka: hawan ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Idan aka juya, ko aka ɗora sabon hawa a kan wanda bai bushe ba saboda ranar jarrabawa ta matso, saman zai bushe kafin ƙasan ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Na biyu ɓarewa: akrilik a kan fentin mai ba ya kamawa, yana tashi kamar fatar albasa, amma mai a kan akrilik yana zama. Na uku dushewa, wurare da suka yi fari-fari ba sheƙi, wanda sau da yawa daga tsarma fenti da kananzir ne a maimakon tafentin da man linsid, waɗanda su ne ainihin abin tsarma fentin mai. Man sheƙin ƙarshe kuma ba a shafa shi a fentin mai sai bayan wata shida zuwa shekara. Zanen da aka gama makon jiya yana walƙiya kamar sabuwar mota, an yi masa gaggawa, kuma shafen zai haɗe da fentin yadda ba za a iya cire shi a wanke ba nan gaba. Gara a saya ba sheƙi, a dawo da shi wa mai aikin bayan shekara.

Ayyukan haɗe-haɗen kaya da muka yaba su ne ke bukatar tambaya mafi yawa. Leda da roba suna ƙeƙashewa a rana. Gam mai zafi na bindiga yana saki a ɗakin da ya yi zafi. Ganye da hatsi da fata da ba a jeme ba abincin ƙwari ne. Abin da aka ɗinka ko aka ɗaure da waya ya fi wanda aka manna daɗewa nesa ba kusa ba.

Aikin takarda shi ne mafi rahusa, kuma sau da yawa shi ne mafi gaskiya, domin a zanen gawayi da fensir ba inda rauni zai ɓuya. A duba ko an fesa masa maganin riƙe gawayi. Wasu suna fesa man gashi na gwangwani, wanda ke sa takarda ta yi rawaya. Kada takarda ta taɓa gilashi, sai an sa kwalin tsakani mai taga, in ba haka ba danshi zai manne su. Salatif da tef ɗin fenti a kusurwa suna barin tabon da ba ya fita, kwalin baya mai arha kuma yana ƙona takarda ta yi ja. Duk wannan mai firam zai iya gyarawa a rana ɗaya idan an kai da wuri. A zanen ɗab'i a nemi lamba da fensir a ƙasa, misali 3/20, wato na uku cikin ashirin, tare da sa hannu. Idan babu lamba, ba abin da zai hana a buga ɗari gobe.

Filin sassaƙe-sassaƙe shi ne ɓangaren da baƙo ya fi tunawa, kuma shi ba ya jiran lokacin baje koli. Ayyukan ɗalibai na shekaru masu yawa suna tsaye a ƙarƙashin itatuwa, na siminti da na ƙarfe, manya da ƙanana. Wuri ne mai kyau na koyon yadda kaya ke tsufa a waje. Aikin siminti rodi da wayar kaji ne a cikinsa. Idan simintin da ya rufe rodin bai kai santimita biyu da rabi ba, ruwa zai kai gare shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa simintin daga ciki. Layin ja da ke gangarowa daga tsaga shi ne alamar farko, kuma a wuyan hannu da idon sawu da wuya ake fara gani, inda jiki ya fi siranta. Kwaɓi ɗaya na siminti da uku na yashi, da ban ruwa na aƙalla kwana bakwai, su ke raba wanda zai daɗe da wanda zai yi gari. A aikin walda a duba mahaɗa: ɗinki mai santsi a jere yana riƙewa, ɗige-ɗigen da aka bar dattin walda a kai yana ɓallewa. Ƙarfen da za a ajiye a waje yana son jan fentin hana tsatsa kafin launi. Faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki, ba ta da nauyi, tana da sauƙin ɗauka, amma rana na cin fuskarta idan ba a sabunta fenti.

A wajen masu tukwane, a ƙwanƙwasa da farce. Ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa na nuna ta gasu kuma ba tsaga, ƙara a toshe na nuna akasin haka. Jar tukunya ana gasa ta wajen digiri 900 zuwa 1100 kuma tana tsatsar ruwa, mai tauri kamar dutse sai ta kai 1200 zuwa sama. Kafin a ci abinci a kwano mai sheƙi a tambaya ko akwai darma a ruwan sheƙin. Wannan sana'a tana da gata a jami'ar, ita ce ta ba Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, digirin girmamawa a 1977.

Batun kuɗi yana tafiya da baki, ba da tambari a bango ba. Gidajen sayar da zane na birni sukan ɗauki kashi 30 zuwa 50 na farashi, ga kuɗin haya da suke ɗorawa. A makaranta kai tsaye ake yi da mai aikin, shi ya sa rahusar. Amma rahusa ba ta nufin a murƙushe yaro. A tambaye shi abin da ya kashe a katako da kyalle da fenti da firam, da makonnin da ya yi, sannan a yi tayi a saman wannan. Ɗalibin da aka sayi aikinsa na farko da mutunci ba ya mantawa, kuma mai sayen ne mutum na farko da zai kira idan ya yi sabon abu bayan bautar ƙasa. Abu biyu ake yawan tuntuɓe a kansu. Aikin jarrabawa ba ya barin ɗaki sai an gama ba da maki, kuma makarantun zane sukan riƙe wasu ayyukan ɗalibai a taskarsu, don haka a tabbatar wanda ake so na sayarwa ne kafin a ba da kafin alƙalami. Sannan a karɓi takarda mai ɗauke da sunan aikin, girmansa, kayansa, shekara, farashi da sa hannun mai shi, a kuma ɗauki hotonsa tsaye kusa da aikin. Sayen zane bai ba mutum ikon buga shi a kalanda ko riga ba. Haƙƙin kwafi yana nan hannun mai zanen sai in ya sallama a rubuce.

Ɗauka zuwa gida ita ce inda ake yawan lalata abin da aka biya. Fentin mai da bai kai wata guda ba kada a rufe fuskarsa da komai, a sa ƙananan katako a kusurwa a ɗora kwali a kansu yadda ba zai taɓa ba. Leda mai ƙurajen iska ba ta taɓa fenti kai tsaye, tana barin sawunta, musamman a akrilik cikin zafin but ɗin mota. Takarda mai santsi tukuna, sannan leda, sannan kwali. Zane a tsaye yake tafiya, ba a kwance ƙarƙashin buhu ba. Idan ya fi ƙarfin mota a cire shi daga katako a naɗe a jikin bututun roba mai faɗin santimita 10 ko fiye, fenti yana kallon waje, domin naɗi ta ciki yana matse fentin ya karye. A gida a rataya shi da zobba biyu da aka ɗaura da sukuru kashi ɗaya cikin uku daga sama, a bangon ciki wanda ruwa ba ya duka ta baya, nesa da taga da hayaƙin girki da na turaren wuta. A liƙa ɗan soso a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, a rufe bayan da kwali mai tsabta saboda ƙura da ƙadangare. Idan hunturu ya wuce a share fuskar da buroshi mai laushi a bushe, daga sama zuwa ƙasa, ba jiƙaƙƙen tsumma ba.